Faifan Gwaji da Jabunsa: Nazari a Kan Tsofaffin Faya-fayan Garmaho da ke Yawo a Ƙasashen Wurno da Rabah da Goronyo

1.0 Gabatarwa

Duk abin da ya yi daraja a kasuwa sai an yi jabunsa. An yi jabun kuɗi, an yi jabun magani, an yi jabun takardar fili, yanzu kuma abin ya kai ga faifan garmaho, wanda shekaru talatin da suka wuce yara ke gara shi a kan titi, mata na rufe bakin tulu da shi. A 'yan shekarun nan wasu dillalai sun shiga zagaya gidajen sarauta da na tsofaffin ma'aikatan En'e a gabashin Sakkwato, suna sayen tsofaffin faya-fayai da araha, wani lokaci kuma su ne ke kawo wani faifai mai farar takarda a tsakiya su ce "faifan gwaji" ne, wato na farko da kamfani ya buga kafin a fitar da waƙar kasuwa, su sa masa kuɗin da ya isa sayen bijimin sa.

Manufar wannan maƙala ita ce a auna wannan da'awa da ma'aunin tarihi. Zan bayyana abin da ake nufi da faifan gwaji da yadda ake yin sa, sannan in kawo alamomin da ake gane na gaskiya da su, in gwada su a kan faya-fayai uku da na duba da hannuna a ƙasashen Rabah da Goronyo da Wurno. Ban ambaci sunayen masu su ba, domin abin da ake nazari shi ne faifan. Abin da ya sa na ga batun ya cancanci shiga wannan jeri shi ne, waƙoƙin makaɗanmu hujja ce da ɗalibai ke kafa tarihin sarautu da garuruwa da ita. Idan aka liƙa wa waƙa shekarar ƙarya ko sunan makaɗin da ba shi ya yi ta ba, ƙaryar za ta shiga kundin digiri, daga nan ta shiga littafi, daga littafi kuma ta zama abin da "kowa ya sani".

2.0 Yadda Muryar Makaɗi ta Shiga Faifai

Wani Bajamushe mazaunin Amurka mai suna Emile Berliner ne ya yi rajistar garmaho mai shimfiɗaɗɗen faifai a 1887. Faya-fayan farko da suka iso ƙasar Hausa na shalak ne, wani irin ƙaro da ƙwaro ke fitarwa a itatuwan Indiya, wanda ake haɗawa da garin dutse. Suna da nauyi, suna fashewa kamar tangaran idan suka faɗi, kuma suna juyawa sau 78 a minti ɗaya. Mai faɗin inci 10 ba ya ɗaukar fiye da minti uku da 'yan kai a kowace fuska. A 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da babban faifan roba, wato binil, mai juyi 33 da sulusi, wanda ke ɗaukar kimanin minti ashirin a fuska ɗaya. A 1949 kamfanin RCA Victor ya fito da ƙarami mai inci 7 da juyi 45. Faifan sitiriyo, mai raba sauti dama da hagu, bai shiga kasuwa ba sai 1958. Kaset kuwa kamfanin Philips ne ya fito da shi a 1963. Mai karatu ya riƙe waɗannan shekaru, domin su ne tsani na farko na gane jabu.

Tun tsakanin 1927 da 1930 kamfanin Zonophone ya ɗauki muryoyin 'yan Afirka ta Yamma a Landan cikin harsuna da dama, har da Hausa. Daga baya kamfanoni irin su Decca da EMI da Philips suka kafu a Nijeriya. A farko a nan ake ɗaukar sauti, a aika Ingila a buga, kamar a masana'antar EMI da ke Hayes ko ta Decca da ke New Malden, kafin a fara buga faifai a cikin gida daga shekarun 1960. Sai dai hankalin waɗannan kamfanoni ya fi karkata ga kiɗan kudu, inda masu saye suka fi yawa. Makaɗan Hausa irin su Alhaji Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos sun shiga faifan kasuwa, amma muryoyin makaɗan fada da na maza na ƙasar Sakkwato sun fi zuwa mana ta gidan rediyo, musamman Rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962, sannan Rima Rediyo a Sakkwato, daga nan masu rikoda suka kwashe su a kaset. Akwai kuma abin da manazarta suka ɗauka, kamar David Ames wanda ya yi aiki a Zariya da Maraɗi a 1963 da 1964, aka buga wani sashe na abin da ya ɗauka a faifai a Jamus.

Ke nan, tun kafin a taɓa faifai, tarihi ya riga ya ce mana faifan gwaji na makaɗin gabashin Sakkwato abu ne mai wuyar samu. Wanda ya zo da shi, nauyin kawo hujja a kansa yake.

3.0 Mene ne Faifan Gwaji?

Buga faifai ya yi kama da buga hatimi. Da farko ana kunna tef ɗin da aka ɗauki waƙa, wata na'ura mai allura ta riƙa yanka siririn kwari a jikin wani faifan alminiyon da aka shafe da fenti mai taushi. Wannan shi zan kira faifan yanka. A gefen tsakiyarsa, a filin da babu waƙa, injiniya ke rubuta ko buga lambar aikin. Daga nan sai a fesa masa ruwan azurfa, a tsoma shi a ruwan nikel da lantarki, a ɓamɓaro wani faifan ƙarfe wanda kwarinsa ya koma tudu. Shi ake kira uba. Daga uba a fitar da uwa, daga uwa a fitar da hatimi. Hatimi biyu, na sama da na ƙasa, ake ɗaurawa a injin, a sa curin roba mai zafi a tsakaninsu tare da takardun tsakiya biyu, a matse.

Kafin a buga dubbai, masana'anta kan buga 'yan ƙalilan, sau da yawa ba su kai ashirin ba, a aika wa kamfani da mai shirya waƙar su saurara, su ga ko allura na tsalle ko sauti ya lalace. Waɗannan su ne faya-fayan gwaji. Takardar tsakiyarsu fara ce, ko kuma tana ɗauke da sunan masana'anta kawai da layukan da za a cike da hannu.

Abubuwa uku suka fito daga wannan bayani. Na ɗaya, faifan gwaji bugawa aka yi, ba yankawa ba. Na biyu, idan an amince da gwajin, hatimin da ya buga shi ne zai buga na kasuwa, don haka lambar da ke filin tsakiyarsa za ta zo daidai da ta bugun farko na kasuwa, harafi da harafi, har da karkatar hannun injiniya. Na uku, ba a manna takardar tsakiya da gam. Zafi da matsi ne ke nutsar da ita cikin robar har su zama jiki ɗaya.

Dalilin tsadarsa shi ne ƙarancinsa. A ƙasashen Turai wannan kasuwa ta daɗe, jabunta ma ya daɗe. Faifan da kamfanin A&M ya buga wa ƙungiyar Sex Pistols a Ingila a 1977, aka lalata mafi yawansa kafin ya fita, yana cikin waɗanda aka fi yi wa jabu a duniya, har da jabun da ake kira na gwaji. A birnin New York wani mutum ya sayi faifan yanka na ƙungiyar Velvet Underground a kan santi 75 a 2002, aka sayar da shi fiye da dala dubu 25 a 2006. Faya-fayan Nijeriya kuwa sun fara tsada a waje bayan da kamfanonin Ingila suka shiga sake buga kiɗan shekarun 1970, kamar tarin Nigeria 70 na kamfanin Strut a 2001 da Nigeria Special na Soundway a 2008. Labarin wannan kuɗi ne ya gangaro har ya iso kasuwar Achida da ta Goronyo, kuma inda aka ji ƙamshin riba, can ƙuda ke taruwa.

4.0 Darasi Daga Masu Nazarin Rubutun Hannu

Mu mutanen wannan yanki bai kamata jabu ya zo mana a baƙo ba, domin malamanmu sun daɗe da sanin yadda ake tantance takarda. Wurno ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, a nan ya rasu a 1837, a nan kabarinsa yake, kuma shi da mahaifinsa Shehu Usmanu da baffansa Abdullahi sun bar littattafai masu yawa waɗanda aka yi ta kwafa hannu da hannu. Wanda ya zauna da masana irin su marigayi Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, ya san ba a karɓar littafi don kawai an rubuta sunan Bello a bangonsa. Ana ɗaga takardar a rana a duba alamar ruwa, kamar jinjirin wata uku na takardun Italiya. Ana duba tawada da irin hannun marubuci. Ana duba ko an ambaci wani abu da bai faru ba sai bayan rasuwar wanda aka jingina wa littafin. Sannan a tambayi daga hannun wa ya fito.

Da wannan hanya manazarta irin su Murray Last suka yi shakkar ingancin littafin Kanzul Auladi da aka jingina wa zamanin jihadi. Da ita kuma aka gano cewa Tarihul Fattashi na Tambutu an yi masa ƙari a ƙarni na 19 don ƙarfafa da'awar Ahmadu Lobbo na Masina, kamar yadda Mauro Nobili ya yi bayani a littafinsa na 2020. Malaman hadisi sun raba binciken gida biyu, isnadi da matani. Ni kuma a kan faifai zan raba shi uku: jikin faifai, da abin da kunne ke ji, da hanyar da ya biyo.

5.0 Alamomin Tantancewa

5.1 Jikin faifai

A fara da shekara. Faifan roba mai juyi 33 da aka rubuta wa shekarar da ta gabaci 1948 abin tuhuma ne ƙwarai, haka ma sitiriyo kafin 1958. Doguwar waƙar fada mai minti goma ko fiye ba za ta shiga fuska ɗaya ta faifan shalak ba. Farashin da aka rubuta da naira ba zai gabaci Janairun 1973 ba, kuma kalmar "Jihar Sakkwato" ba ta da wurin zama a takarda kafin 1976, domin daga 1967 zuwa lokacin Jihar Arewa maso Yamma ake cewa.

Sai a karkata faifan a hasken rana a duba filin tsakiya. Idan babu lamba ko kaɗan, akwai magana. Idan akwai, a nemi na kasuwa a jera su. Lambar da ta fito daga hatimi santsi gare ta, ba ta da kaifi. Wadda aka karta da allura ko ƙusa bayan an gama faifai tana da ɓurɓushi a gefe, yatsa ma na jin ta.

Sai takardar tsakiya. A sa farce a gefenta. Idan ta ɗaga, ko aka ga sawun gam, manna ta aka yi. A faifan gaskiya akwai wani zobe da injin ke bari a kan takardar, mai zagaye ramin tsakiya, kuma takardar na bin lanƙwasarsa. Fitilar nan mai shuɗin haske da 'yan canji ke duba kuɗi da ita tana da amfani a nan: takardun da aka yi daga shekarun 1950 zuwa yau galibi ana sa masu sinadarin ƙara fari, suna ƙyalli a ƙarƙashinta, tsofaffi kuwa ba sa yi. Takardar da aka jiƙa da ruwan shayi ko aka turara da hayaƙi don ta tsufa launinta kan zo bai ɗaya, alhali tsufan gaskiya daga gefe yake farawa, kuma yana tafiya tare da tsufan jakar da faifan ya kwana a ciki.

5.2 Abin da kunne ke ji

Faifan gwaji shi ne mafi kusa da tef na asali, don haka ya kamata sautinsa ya fi na kasuwa tsabta. Mai jabu kuwa ba shi da tef na asali. Daga tsohon faifai ko kaset yake kwafa, kuma yakan kwaso har da ciwon abin da ya kwafa. Ga lissafi mai sauƙi. Faifai mai juyi 33 da sulusi yana zagaye ɗaya a daƙiƙa 1.8, mai juyi 78 kuwa a ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Idan aka ɗora faifai mai juyi 33 aka ji "ƙas, ƙas" na maimaituwa fiye da sau ɗaya a kowane zagaye, kuma ido bai ga karce a jikinsa ba, to karcen na wani faifai ne da aka kwafo. Haka nan huci mai kama da na iska da ke farawa kafin kiɗa ya kuma yanke kwatsam, da rawar murya kamar ana jan zare, alamun kaset ne.

Bayan na'ura sai matanin waƙar. Kowane makaɗi da kayan kiɗansa: Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo kotso, Salihu Jankiɗi taushi, Ɗan'anace da Shata kalangu, Ɗanmaraya kuntigi. Kowane da karin harshensa. Makaɗin Gandi ko Isa "munka" da "sunka" da "shina" ne a bakinsa, idan aka ji waƙa tun daga farko har ƙarshe babu ɗigon Sakkwatanci, sai a dakata. Sarautu ma agogo ne. Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, ya zama hakiminta a 1934, ya zama Sardauna a 1938, Firimiya a 1954, aka kashe shi a Janairun 1966. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1988. Jankiɗi ya rasu a 1973, Ɗanƙwairo a 1991, Shata a 1999. Waƙar da ta ambaci abin da ya faru bayan rasuwar makaɗi, ba shi ya yi ta ba, ko da muryar ta yi kama. A tuna cewa 'ya'ya da 'yan amshi kan gaji waƙoƙin maigidansu, su rera su da irin muryarsa, kuma wannan gado ne halattacce. Laifin na wanda ya goge sunan ɗa ya rubuta na uba ne. A yau kuma an sami na'urorin kwamfuta masu kwaikwayon muryar mutum, don haka kamar murya kaɗai ta daina zama hujja.

5.3 Hanyar da ya biyo

Faifan gwaji hannu kaɗan yake shiga: ma'aikatan masana'anta, da na kamfani, da mai shirya waƙa, wani lokaci makaɗin ko ubangidansa, ko gidan rediyo. Saboda haka tambayar ita ce, ta yaya ya baro Legas ko Ingila ya iso Wurno? Amsar "wani tsoho ne ya ba ni, ya kuwa rasu" isnadi ne yankakke. Amsar da ta ambaci gida da mutum da aikinsa da shekarar da ya dawo da shi, wadda wasu dattawan gari za su iya gaskatawa, ita ce abin dogaro.

6.0 Faya-fayai Uku a Kan Ma'auni

Na farko a ƙasar Rabah na gan shi, wani dillali ya kawo wa wani gida yana neman su saya don girmama Sardauna. Babban faifan roba ne mai juyi 33, an rubuta 1952 da biro a farar takardarsa, da kalmar "gwaji". Da aka kunna, kiɗan kotso ne na yabon Sardauna, kuma a cikin waƙar an kira shi Firimiya, muƙamin da bai hau ba sai bayan shekara biyu da wannan kwanan wata. Gefen takardar ya ɗaga da farce, a ƙarƙashinta kuma ga ragowar takardar kamfani mai launi da aka kankare. Hukuncina shi ne, faifan kasuwa ne na gaskiya aka sa wa rigar aro. Abin takaicin shi ne, takardar da aka kankare ita ke ɗauke da sunan makaɗi da lambar kamfani, wato mai jabun ya lalata hujjar gaskiya don ya ƙirƙiri ta ƙarya.

Na biyu daga kasuwar Goronyo ya fito, an jingina shi ga Muhammadu Bawa Ɗan'anace, makaɗin 'yan dambe da manoma wanda sunansa ke haɗe da Gandi ta ƙasar Rabah, mai waƙar Shago da Ɗandunawa. Faifan ba shi da nauyi, kwarinsa bai da zurfi, filin tsakiyarsa fes babu lamba babu zobe. Sautinsa ƙasa-ƙasa ne, hucin kaset na biye da shi, kuma a ƙarshe kiɗan ya yanke a daidai inda aka fara jin numfashin mai gabatarwa na rediyo. Kalangun da karin harshen da salon kirarin duk sun dace da Ɗan'anace, kuma dattawa biyu da suka sha kallon dambe a zamaninsa sun gaskata muryar. Hukuncina shi ne, waƙar tasa ce, faifan kuwa sabo ne, an yanka shi ɗaya tak a kan farar roba da irin ƙananan injunan da ake da su yanzu, daga kaset ɗin da aka ɗauka a rediyo. Da mai shi ya faɗi haka, da babu wanda zai zarge shi.

Na uku a Wurno yake, a gidan wani dattijo wanda mahaifinsa ya yi aikin En'e, kuma bai taɓa cewa faifan gwaji ne ko ya nemi sayar da shi ba. Yana da nauyi, ba ya lanƙwasa, a inda fentinsa ya ɓare ana ganin alminiyon, kusa da ramin tsakiya akwai rami na biyu, wani farin gari mai maiƙo kuma ya fito a fuskarsa. Waɗannan duka alamun faifan yanka ne, irin wanda gidajen rediyo ke amfani da shi kafin tef ya wadata. Gidan sun san wanda ya kawo shi, da bikin da aka yi kiɗan, da sunan makaɗin taushin, wanda bai taɓa shiga faifan kasuwa ba. Wannan ba faifan gwaji ba ne, amma a wurin mai tarihi ya fi biyun farko daraja nesa ba kusa ba, domin mai yiwuwa shi kaɗai ne ya rage da muryar wannan bawan Allah. Na ba su shawarar kada a sake ɗora masa allurar garmaho, don kowane juyi na cin fentin, kuma kada a wanke shi da ruwa, har sai an sami masu na'urar kwafa ta zamani.

7.0 Sharhi

Akwai kuskure biyu da nake ganin masu sha'awar wannan fanni na faɗawa ciki. Na farko shi ne ɗaukar ma'aunin Turawa a ɗora wa waƙar baka ba tare da tunani ba. A wurinsu faifan gwaji na kusa da "asalin" waƙa, domin a ɗakin ɗaukar sauti aka haife ta. Waƙar makaɗin Hausa kuwa a ƙofar fada ko a dandalin dambe ko a gona aka haife ta, kuma duk ranar da ya rera ta sai ya ƙara ɗa ko ya rage, gwargwadon waɗanda ke zaune da abin da aka ba shi. Abin da ya shiga faifai zama ɗaya ne daga cikin ɗaruruwa, sau da yawa ma an datse shi don ya shiga minti uku. Manazarta irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da Farfesa Aliyu Muhammad Bunza, wanda ya fitar da littafi a kan Narambaɗa a 2009, da kaset da bakin dattawa suka yi mafi yawan aikinsu, kuma aikin ya tsaya da ƙafarsa. Saboda haka kaset ɗin da aka san ranar ɗaukarsa da wurin ya fi faifai mai farar takarda da ba a san asalinsa ba.

Kuskure na biyu shi ne raina kwafi. Da ba don masu kwafa ba, da littattafan Shehu da Bello ba su iso mu ba, da muryar Narambaɗa ma ta bi shi kabari. Amma magabatanmu masu kwafar littafi suna da ladabi: a ƙarshe sukan rubuta sunansu, wani lokaci da na wanda aka kwafa dominsa, su roƙi gafara a kan kuskure. Bambancin kwafi da jabu ke nan. Mai kwafi yana faɗin abin da ya yi, mai jabu yana ɓoyewa. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne, amma kafin a kai ƙarshensa an yi asarar kuɗi, an kuma ɓata tarihi.

Lokaci ma ba ya jiran mu. Ambaliyar kogin Rima ta 2010 ta ci gidaje da dama a ƙasar Goronyo da maƙwabtanta, da abin da ke cikin akwatunansu. Hare-haren 'yan bindiga, irin wanda aka kai Tabanni a 2018 har mutane suka yi gudun hijira zuwa Gandi, da na kasuwar Goronyo a Oktoban 2021, sun tarwatsa iyalai, kuma wanda ke gudun ransa ba ya ɗaukar faifai. Duk gidan da ya watse, isnadin kayansa ya yanke, kuma a nan mai jabu ke samun fili, domin babu sauran wanda zai ce masa ƙarya kake.

8.0 Shawarwari da Kammalawa

Shawarata ta farko ga masu gidajen da ke da waɗannan kaya ita ce, kada su cire ko su rufe takardar tsakiyar faifai, kada su yi rubutu a kanta. A sami wata takarda daban a rubuta wanda ya kawo shi, da shekara, da makaɗi, da wanda aka yi wa waƙar, a sa a jakarsa tun dattawan da suka sani na raye. A ajiye faifai a tsaye, nesa da rana da danshi, don zafin bazararmu na lanƙwasa roba.

Ta biyu ga hukumomin adana tarihi da jami'o'inmu, irin su Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Bayero da Gidan Arewa na Kaduna: a buɗe rajistar faya-fayan Hausa, a ɗauki hoton kowane ɗaya fuska biyu tare da lambar filin tsakiyarsa, a kwafe sautinsa a kwamfuta, a mayar wa mai shi kayansa. Ranar da aka sami irin wannan rajista, tantance faifan gwaji zai zama aikin minti biyar, domin akwai abin da za a jera shi da shi.

Ta uku ga ɗalibai da malamansu: duk wanda ya kafa hujja da waƙa a kundinsa, ya faɗi inda ya same ta, faifai ne ko kaset ko waya, da wanda ya ba shi, kamar yadda yake faɗin shafin littafi. Shekarar da aka gani a rubuce da biro a tsakiyar faifai da'awa ce, sai an gwada ta.

A taƙaice, daga cikin faya-fayai ukun da na duba babu faifan gwaji ko ɗaya. Ɗaya na kasuwa ne da aka ɓata, ɗaya sabon yanka ne mai ɗauke da tsohuwar murya, ɗaya kuma taska ce da mai ita bai san darajarta ba. Wannan bai hana a ce gobe wani na gaskiya zai fito daga akwatin wani gida a Wurno ko Rabah ko Goronyo ba, kuma idan ya fito, waɗannan alamomi da suka kayar da na jabu su ne za su tsaya masa shaida. Allah Ya jiƙan makaɗanmu da sarakunan da suka riƙe su, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.